Furen roba da maganar Goggo

Hazo ya sauko sosai yau, ƙura har cikin kofin shayi. Ummi ta tafi makaranta tana ƙunƙuni wai na cika mata mai a fuska.

Da hantsi na kwaso furannin robar falo duka na fito da su tsakar gida. Masu tambayata yadda nake wanke su: ruwa a baho, omo ɗan kaɗan, a tsoma a girgiza, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Rana koɗar da su take yi, koren ya koma wani shuɗi-shuɗi marar kyan gani. Masu ganyen yadi ba a murza su, gam ɗin saki yake. Dogon nan mai kama da dabino da na sayo a kasuwar Wunti kuwa ba ya shiga baho, sai tsumma mai laima, ganye bayan ganye, har bayana ya ƙage.

Ina cikin haka Goggo ta yi sallama, daga awon hawan jini ta biyo. Bayan mun gaisa na shimfiɗa mata tabarma, ta daɗe tana kallon abin da na baza. Can ta ce, "Ke 'yar nan, duk wannan wahala a kan abin da ba ya tasbihi?"

Na yi dariya na ce, "Goggo ai ado ne kawai."

"Ado! Ruwan nan da kika kwarar, da zogale kika ba, da yanzu kina kwaɗo. Wanda ya dasa itace, ko tsuntsu ne ya ci, sadaka ce gare shi, haka ya zo a hadisi. Wannan naki ko ƙuda ne ya sauka sai ya yi da-na-sani."

Na fara jero mata hujjoji. Gidan haya ne, tsakar gidan siminti, mai gida ba zai yarda a fasa ba. Ruwa a wurin 'yan garuwa muke saye idan famfo ya ɗauke. Na'ana'ar da na shuka bara akuyoyin maƙwabta suka gama da ita. Falona kuma taga ɗaya gare shi, mai rai ba zai yi wata biyu a ciki ba. Ta bari na gama tsaf, sannan ta nuna bokitin fentin da muke tara shara a ciki, ta ce, "Wancan ma mai gida ya hana a huda?"

Ban ce komai ba, na tashi na ɗora mata shayi.

Har yanzu ina ganin ina da gaskiyata, furannina suna ƙawata mini ɗaki kuma ba sa neman komai a wurina sai wanka lokacin hunturu. Amma tunda ta tafi raina ya ƙi daɗi. Gidanta na Jahun nake ta tunawa: lallen bakin rijiya da muke tsinka ranar jajiberin salla, lemun tsamin da take jifanmu da takalmi in mun taɓa ɗanye. Duk ita ta shuka su, ita ma da ruwan guga. Ni me Ummi za ta tuna a gidan uwarta? Dabinon Chaina da ba ya 'ya'ya?

Abin haushi, da za ta fita sai da ta zari ƙaramar jar wardin nan ta cusa a jaka, wai za ta ɗora a kan talabijin saboda jikoki.

Rana, dafa-duka. Gas ya kusa ƙarewa. Wuta ba ta zo ba sai bayan la'asar.

Da daddare na ba Abban Ummi labari, ina jiran ya ɗan rarrashe ni. Sai cewa ya yi Goggo ta fi ni gaskiya, a nemo zogale. Mutumin da ko butar alwalarsa ni nake cika masa.