Godiya bayan kare kundi, da labarin sifilin da ya kusa kayar da ni

Alhamdulillahi. Jiya aka kare kundi, aka sa hannu, na dawo na yi barcin da na manta irinsa. Duk mai bibiyata ya san wuyar da na sha a babi na huɗu na kundin bincikena, babin nazarin sakamako, ba sai na maimaita ba. Dare ɗaya kawai zan ba da labarinsa, don bashin da ya fi min nauyi a nan na ci shi.

Saura kwana uku in tsaya gaban malamai, na tura wa wata baiwar Allah 'yar ajinmu teburin sakamakona, don dai ta yaba. Ta hana ni faɗin sunanta, na kuwa bi umarni, amma duk 'yan aji sun san Yayarmu mai zama a layin gaba da jan biro. A gwajin ƙididdigar da na yi, wanda ake kira gwajin t, adadin t ya fito 18.9, p kuma (lambar da ake so ta fito ƙarama) .000, ina ta murna. Ba a yi minti goma ba ta kira. "Ƙanwata, me kika sa a akwatin adadin da ake gwadawa da shi?" Na ce wane akwati? Sai ta yi shiru. Har yau in na tuna shirun nan gabana faɗuwa yake yi.

Gwajin t na samfur ɗaya tambaya guda yake amsawa: matsakaicin da ka samu, shin da gaske ya bambanta da wani adadi da ka tsayar tun farko, ko dace ne kawai? Ma'aunin takardar tambayoyina daga 1 zuwa 5 yake, tsakiyarsa 3, kuma da 3 ɗin ya kamata in gwada. Shi kuwa SPSS, manhajar ƙididdigar da nake amfani da ita, sifili yake ajiyewa a akwatin, in ba ka canza ba babu ruwansa, lissafi zai yi maka. Ashe duk wannan lokaci ina ta kafa hujjar cewa amsoshin mutane sun fi sifili, a ma'aunin da babu mai iya zaɓar sifili.

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in rufe kwamfuta in ɗauko takarda da kalkuleta. Na ce Yaya, canza lambar kawai zan yi in danna. Ta ce ba ta yarda ba, dannawa ce ta kawo ni nan. Matsakaicina 3.4, a cire 3, saura 0.4. Ma'aunin warwatsuwar amsoshin 0.9, mutanena 25, lambar da za a ninka da kanta ta ba da 25 ita ce 5, a raba 0.9 da 5 a samu 0.18. Sai a raba 0.4 da 0.18. Hannuna na rawa na danna: 2.22. Daga 18.9! Ta ce in buɗe teburin t a bayan littafi, in nemi layi na 24, wato mutanena a cire ɗaya, ƙarƙashin 0.05 na ɓangare biyu. Na bi da yatsa har na isa 2.064, adadin da dole t ɗina ya wuce. Na haye, amma da ƙyar, kamar mai tsallaka rafi da zani a hannu.

Abin da ta faɗa bayan nan ya fi lissafin tsaya min a rai. Ta ce ko da bai haye ba, haka zan rubuta, sakamako ne shi ma. Don ta sa ni dariya har ta ba ni labarin mai gwajin, William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, wanda ya fitar da shi a 1908 da sunan aro saboda kamfanin bai yarda ma'aikata su buga bincike da sunansu ba. Ta ce shi ma ƙananan samfura ne suka dame shi, in daina jin kunyar 25 ɗina. Sai asuba muka ajiye waya, ita da take da nata kundin a gaba.

Jiya malamin da ya zo daga waje ya cire tabarau ya ce, "Me ya sa 3?" Na amsa ban kalli takarda ba.

Yaya, Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya raya miki zuri'a, ya sauƙaƙa miki taki ranar. Malam mai duba aikina, wanda ya karɓi sabon babi a makare bai tsawata min ba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maigidana da ya riƙe yara dare uku, ƙanena da ya ba ni aron kwamfutarsa, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Umma, addu'arki ce, ban da bakin godiya.

'Yan uwan da na yi ta kira wayarsu ba ta shiga a watannin nan, na ga saƙonninku na taya murna tun da safe. Na gode, Allah ya bar zumunci. Zan amsa wa kowa in na ƙara yin barci.