Abin da Hidimar Waƙa a Majami'a ta Koya Mini

Yawancin aikin mai koyar da waƙa a majami'a ba ranar Lahadi ake yin sa ba, a tsakiyar mako ake yin sa, lokacin koyon waƙa da yamma, sa'ad da mawaƙa ke zuwa a gajiye daga gona da kasuwa da makaranta. A nan ne nake rubuta d, r, m da alli a kan allo, ina raba muryoyi huɗu, ina maimaita layi ɗaya har ya zauna. Wannan tsari na do-re-mi, wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, ya shigo mana ta hannun mishan, kuma har yau da shi mawaƙa da yawa a majami'un ECWA da COCIN da EYN ke koyon sabuwar waƙa. Ina girmama shi ƙwarai, domin ya ba talakan da bai taɓa ganin fiyano ba damar karanta waƙa da kansa.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne cewa ba a auna aikina da daɗin muryar mawaƙa, ana auna shi ne da ko jama'ar da ke zaune sun buɗe baki sun rera, kuma sun san abin da suke faɗa. Manzo Bulus ya ce wa Korintiyawa zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi ta da fahimta, kuma a Hausa wannan fahimtar tana da wata wahala ta musamman. Waƙoƙi da dama na Littafin Waƙoƙi an fassaro su ne aka ɗora su a kan karin Turai, alhali Hausa harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula da gajeru. Sau da yawa karin waƙar yakan hau inda kalmar ke sauka, ko ya ja gaɓar da ya kamata ta wuce da sauri, sai mai sauraro ya ji daɗin sautin amma ma'anar ta ɓace masa. Shi ya sa ba na bari a fara rera wani baiti sai an karanta shi da ƙarfi kamar magana, an tattauna abin da yake nufi, sannan a ɗora masa murya.

Waɗanda suka fi koya mini wannan su ne iyayenmu na Zumuntar Mata, waɗanda da yawansu ba su san do daga re ba. Mai ba da waƙa takan ɗauki ayar da aka yi wa'azi a kanta, ta gina kari daga yadda kalmomin ke tashi da sauka a baki, sauran su karɓa da amshi, mai kaɗa tulu kuma tana bugun bakinsa da abin bugu mai laushi, sautin yana fitowa daga ƙasa yana riƙe kowa a kan taki ɗaya. Kafin a kai baiti na biyu majami'a gaba ɗaya ta kama. Wata tsohuwa a cikinsu ta taɓa ce mini, "Malam, waƙar da sai an yi mata bayani, ba ta kai gida ba tukuna." Tun daga nan, idan zan tsara sabuwar waƙa, daga maganar nake farawa.

Koyarwa kuma ta nuna mini cewa bangaskiya ba ta maye gurbin ƙwarewa. A Littafi Mai Tsarki, Littafin Tarihi na Farko, sura ta 25, ya ƙidaya horarrun mawaƙa 288 a zamanin Dawuda, ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun, ya kuma ce an jefa ƙuri'ar hidima babba da ƙarami, malami da almajiri, ba bambanci. Wannan ya sa nake tsananta horo, ya kuma sa nake ba yaron da muryarsa ke rawa damar jagorantar amshi, ko da akwai wanda ya fi shi iyawa.

Abin da ke damuna a yanzu shi ne ƙarar lasifika. Matasanmu suna da baiwa, wasu sun koyi kiɗa a YouTube fiye da yadda zan iya koya musu, amma idan aka ƙure na'ura jama'a sukan yi shiru su zama 'yan kallo, kuma ranar da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, sai a ga cewa ba kowa ya san kalmomin ba. A wajen jana'iza ma, a bakin kabari, babu na'urar da za a jingina da ita, sai waƙar da mutane suka riƙe a ka. Saboda haka kowane ɗalibi da ya zo koyon kiɗa a wurina, kafin in bar shi ya hau gaba ranar Lahadi, sai ya iya ta da tsofaffin waƙoƙin da baki kawai, a matakin muryar da tsoho da yaro za su iya kaiwa ba tare da wahala ba.