Jinin kitiwek da na yi asara a tsibirin Mey

Har yau idan na ga siririn bututun gilashin nan da ake ɗibar jinin tsuntsu da shi, sai gabana ya faɗi. Bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, amma shi ya ci mini shekara guda cur.

Tambaya ɗaya ce ta kai ni tsibirin Mey, a gabashin Sikotilan, tafiyar kamar kilomita 8 a jirgin ruwa daga gaɓa. Kitiwek, farar tsuntsuwar tekun nan mai baƙaƙen ƙafafu da ba ta kai rabin kilo ba, wadda ke liƙa sheƙarta a jikin dutse tsaye, kuzari nawa jikinta ke ƙonawa a yini lokacin da take kwanci, nawa kuma bayan ta ƙyanƙyashe?

Hanyar aunawar tsohuwa ce, tun shekarun 1950 Nathan Lifson ya fito da ita a Jami'ar Minesota. Ka kama tsuntsuwa da zarge a bakin doguwar sanda, ka yi mata allurar ruwan da aka sa wa oksijin mai nauyi da haidurojin mai nauyi. Ka ajiye ta cikin jakar yadi awa guda, ka ɗebi jinin farko, ka sake ta. Bayan awa 24 ko 48 ka sake kamo ta ka ɗebi na biyu. Haidurojin ta ruwa kaɗai yake barin jiki, oksijin kuwa ta ruwa da ta numfashi, ratar da ke tsakaninsu ita ke nuna yawan abin da ta ƙona. Duk lissafin a kan ɗigon jini yake tsaye, ɗigon kuma a cikin bututun da za ka narkar da bakunansa biyu da wuta ka toshe.

Zagayen kwanci ya tafi lafiya lau. Kwana 27 ƙwai ke yi, miji da mata suna karɓa-karɓa, suna zaune daram, kamunsu ba wuya. Duk jinin da na ɗiba sai na koma ɗaki da shi na toshe a natse.

A watan Yuni ƙwai suka fara fashewa, kusan duk a mako guda, sai kuma iska ta taso daga teku ta ƙi kwanciya. Tsuntsayen da nake bi sun riga sun san sandata, da sun hange ta sai su tashi. Na ga lokaci na ƙurewa, na ce komawa ɗaki bayan kowane kamu ɓata lokaci ne. Na tsuguna a bayan dutse da 'yar wutar gas, iska tana kaɗa harshen wutar, yatsuna sun sandare da sanyi, na riƙa toshe bututu a nan take. Ina ganin bakin gilashi ya dunƙule sai in jefa a akwati in koma bakin dutse. Ko sau ɗaya ban ɗaga shi sama na duba da madubin ƙara girma ba, alhali yana cikin aljihuna.

Hankalina a makon nan yana kan sikeli ne. Tsuntsayen da na auna suna kwanci, yanzu na sake ɗora su sai na ga sun zube, wasu kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsu cikin 'yan kwanaki. Ni da na tashi ina kallon kajin gidanmu, abin da na sani shi ne mai kwanci ce ke ramewa, tana tashi da 'yan tsakinta sai ta fara murmurewa. A nan akasin haka na gani. Kitiwek da ƙibarta take kwanci, don abokinta yana karɓar ta ta je ta ci. Ramar bayan ƙyanƙyasa take zuwa. A makonni biyun farko ɗan ba ya iya ɗumama kansa, dole ɗaya daga cikin iyaye ya zauna a kansa, saboda haka kowannensu rabin yini yake da shi ya cika cikinsa da ƙananan kifin yashi, ya kuma kawo na 'ya'ya. Na yi ta murna cewa na kama tsuntsayen a daidai gaɓar da jikinsu ke juyawa. Ashe a daidai wannan lokacin jinin da zai tabbatar da abin yana bushewa a akwati.

Sai da kaka ta yi, a ɗakin gwaje-gwaje, na buɗe. Bututun kwanci duk jajir, jini na motsi a ciki. Na makon ƙyanƙyasa fiye da rabi sun yi baƙi sun ƙafe. A ƙarƙashin madubi kowanne da 'yar ƙofa a baki, ba ta kai ta allura ba. Ta nan ruwa ya riƙa fita, danshin iska yana shiga, kuma da yake ruwa mara nauyi shi ke fara ƙafewa, ko wanda bai bushe sarai ba lambarsa ƙarya ce. Na zauna na daɗe ban ce uffan ba. Tsadar ruwan allurar daban, amma abin da ya fi ci mini rai tsuntsayen ne. Kowace na raba ta da ɗanta awa guda, na soke ta sau uku, kuma an san irin wannan riƙon yana sa wasu su jima ba su koma sheƙa ba. Na wahalar da su a mafi tsananin makon shekararsu ban samo komai ba.

Na nemi mafita. Akasarin waɗanda suka lalace jinin farko ne, shi kuwa ana iya ƙiyasta shi daga nauyin tsuntsu idan an san yawan ruwan jikinsa. Na je wa malamata da shawarar mu ɗauki ma'aunin ruwan jiki na masu kwanci mu ɗora wa masu reno. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko me tsuntsayen suka zubar da na ce sun rame. Kitse, na ce, da tsoka kaɗan. Ta ce to kitse ba ya riƙe ruwa sosai, wadda ta zubar da shi kason ruwan jikinta ya ƙaru, idan na ɗora mata ma'aunin watan jiya na shafe canjin da na zo nema ke nan. Na ji haushi a ranar, amma gaskiya ta faɗa.

Kuma canjin ya wuce kitse. Masu binciken Norwe da suka yi shekaru a kan kitiwek ɗin Kongsfjorden a Sibalbad, tsibiran da ke can arewa da Norwe, sun nuna cewa bayan ƙyanƙyasa hanta da ƙoda suna raguwa, abin da jiki ke ƙonawa yana hutawa ya sauka, alhali na yini gaba ɗaya ya hau. Tsuntsuwar tana rage wutar murhun cikin gida ta kai itacen wajen tashi. Tun 1980 masu bincike Drent da Daan na ƙasar Holan suka kawo hujjar cewa iyayen tsuntsaye ba sa daɗewa suna ƙona fiye da ninki huɗu na ma'aunin hutu. Ana ta muhawara ko ramar dabara ce don tashi ya yi sauƙi, ko kuwa wahala ce tsagwaronta. Ni da na riƙe su a hannu na ji ƙashin ƙirji ya fito, na fi karkata ga cewa duka biyun ne, kuma shekarar da kifi ya yi ƙaranci wahalar ce ke rinjaya. Amma ba ni da bakin shiga muhawarar da rabin bayanai, makon ƙyanƙyasa kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara.

Da na koma bazara mai zuwa, ban sake kunna wuta a bakin dutse ba. Duk wanda zai yi wannan aiki, don Allah ya toshe a inda iska ba ta kaiwa, ko da zai rasa kamu biyu a yini. Ya raba jinin kowace tsuntsuwa bututu huɗu, ya ajiye su akwati biyu daban. Ya duba kowane baki da madubi kafin ya ajiye, ya sake dubawa da daddare, don wanda aka gano a daren ana iya sake toshe shi. Ya kuma ɗebi jinin wasu da ba a yi wa allura ba a kowane zagaye, na kwanci daban na reno daban.

A wannan karon tsuntsayen da na samu ba su kai na bara yawa ba, tafiya ɗaki da dawowa ta cinye lokaci. Cikinsu akwai wata mai zobe a ƙafa da na gane, a sheƙarta ta bara, tana cikin waɗanda na ɓata jininsu. Na kama ta kwana huɗu bayan ƙyanƙyasa, ta rame kamar wancan karon. Bututunta huɗu na duba su sau uku kafin na kwanta, da kaka kuma duk huɗun suka fito jajir.