Tukunyar gas ta cinye mini rabin but

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin motar haya ya rikice. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Ni da motata Sharon, daga tashar Kawo ta Kaduna zuwa Zariya, gidan mai kawai muke yi wa aiki.

Shi ya sa da gwamnatin tarayya ta ce za ta juya motocin haya zuwa gas kyauta a shirinta na Pi-CNG, ta hannun ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW, na kai tawa. Ba a taɓa tankin fetur ba, maɓalli ne aka sa kusa da sitiyari, in gas ya ƙare ka koma mai. Sauƙi kam akwai shi, abin da nake kashewa a sawu ya ragu ƙwarai.

Sai dai tukunyar a but take zaune. Duk wanda ya taɓa lodi a tasha ya san kuɗin fasinja na mai ne da kamasho, ribar direba tana cikin kaya. Yanzu Hajiya za ta zo da buhun masara biyu da jarkar manja, in ce ɗaya kawai zai shiga, ta harare ni ta nufi motar baya. Wannan asarar babu mai lissafa ta a rediyo.

Ga kuma layi. Wuraren shan gas a Kaduna ba su da yawa, gas ɗin ma a tirela ake kawo shi. Ranar da tirela ta makara, ko ka wuni a layi ko ka danna maɓalli ka sha fetur da tsada. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, da aka fara a 2020, shi muke zuba wa ido.

Masu gajen haƙuri sun fara zuwa wurin mai walda ya haɗa musu tukunyar gas a mota. Don Allah a bari. A Oktoban 2024 wata mota mai tukunyar bogi ta fashe a gidan gas a Benin, mutane suka jikkata. Ƙarfin da ake matse wannan gas da shi ya ninka na girki sau da yawa, tukunyar kicin ba za ta ɗauka ba.