Gyaran iPod na 2005: sakatar batir ce ta kayar da ni

Har yau in na tuna sakatar nan mai ruwan ƙasa sai raina ya ɓaci. Ba ta fi ƙwayar shinkafa girma ba, amma ita ta cinye mini kwana huɗu da fanel guda, wato allon lantarkin da ke cikin na'urar.

iPod ɗin, wato na'urar sauraron waƙa ta kamfanin Apple, samfuri na biyar ne mai gigabait 30, wanda Steve Jobs, shugaban kamfanin a lokacin, ya fito da shi a Oktoban 2005, na farko da ke nuna bidiyo. Ciwonsa sananne ne: a kunna, faifan ciki ya yi ta ƙas-ƙas, sai hoton iPod mai ɓata fuska ya fito. Faifan nan mai inci 1.8 juyawa yake yi, kuma ya gaji. Magani shi ne a cire shi, a sa adafta mai cin katin memori, a canza batir.

Kafin ka taɓa komai, kwashe abin da ke ciki. Danne Menu da maɓallin tsakiya har tambarin Apple ya fito, sannan maɓallin tsakiya da Play, sai kwamfuta ta gan shi kamar filash. Kayan suna ɓoye a iPod_Control, cikin jakunkuna F00 zuwa F49, an rikita sunayensu zuwa haruffa hurhuɗu, amma sunan kowanne na asali yana nan jikinsa. A nan na ga dalilin da mai shi ya ƙi rabuwa da shi: karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi na shekaru, da waƙoƙin da ya juyo daga kaset. Lokacin da Jobs ya ɗaga iPod na farko a 2001, mai gigabait 5, alkawarinsa waƙa dubu ce a aljihu. Mutane suka zuba masa abin da a da sai kwali ke ɗauka.

To, ga inda na yi ɓarna. Jikinsa ba noti ko ɗaya a waje, ƙugiyoyi ne ke riƙe fuskar da murfin baya. Za ka zura abin ɓamɓara na roba a gefe ka bi su a hankali. Murfin na ɗauke da fileks biyu, wato siraran wayoyi masu faɗi, na batir da na ramin iyafis, don haka kada ka buɗe ya wuce faɗin yatsa. Na kiyaye wannan. Fileks ɗin batir kuwa sakatar nan ce ke riƙe shi, kuma ɗaga ta ake yi sama tsaye, milimita ɗaya ko biyu, shi ke nan. Ni sai na ɗauki hantsakin ƙarfe na ɓanƙare ta daga gefe. Sakata da mazauninta duka suka taso daga fanel, har da tagullar da ake liƙa dalma a kai. Ba laifin kowa, gaggawata ce. Na gwada jona siririyar waya, ta ƙi zama.

Ƙarshe dai mataccen iPod mai gigabait 60 na nemo na ciro fanel ɗinsa. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, ram ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar aikinsa, megabait 64 ne, na wancan 32, don haka ya fi ɗaukar yawan waƙoƙi ba tare da ya sandare ba.

Sauran aikin ba wuya. Adafta ta shiga, iTunes, manhajar Apple da ke kan kwamfuta, ya wanke katin ya ɗora manhaja, na mayar da kayan. Batir dai ka sayi siriri, domin murfin mai 30 ba shi da zurfi, mai kauri zai danne sikirin ya bar baƙin tabo. In kuma na 2007 ko 2008 mai fuskar ƙarfe aka kawo maka, ƙugiyoyinsa sun fi taurin kai, sannan mai 80 da mai 120 ba sa ganin fiye da gigabait 128, kada ka yi asarar babban kati.

Jobs ya rasu ranar 5 ga Oktoba 2011 yana da shekara 56, an daina ƙera wannan jinsin iPod a 2014, saboda haka duk fanel da ka lalata sai dai a jikin wani mataccen. Wanda na ɓalle yana nan cikin durowa, hantsakin kuma ban ƙara kusantar da shi ga sakatar batir ba.