Inda ido ke fara sauka a hoto

Idon mutum yana zaɓe, kyamara kuwa ba ta zaɓe. Idan ka tsaya gaban wani kana kallonsa, ƙwaƙwalwarka tana share turken wutar da ke bayansa da motar da aka ajiye a gefe. Kyamara duk sai ta kwaso su. Shi ya sa mai zane yake farawa da farar takarda yana ƙarawa, shi kuma mai ɗaukar hoto yake farawa da wuri a cike yana ragewa. Galibin aikin tsara hoto ragewar nan ce.

Kafin ka san abin da za ka cire, sai ka san abin da ke jan ido. Ido yana fara sauka ne a wurin da ya fi haske, sai wurin da ya fi fitowa tangaran, sai fuska, sai rubutu, sai launi mai ƙarfi irin ja. Idan ka tsayar da mutum taga tana bayansa, ka yi asara biyu: idon mai kallo zai tafi kan tagar, kyamara kuma za ta auna hasken tagar ta bar fuskar a duhu. Juya shi hasken ya zo masa daga gefe, kamar digiri 45, sai ka ga inuwa mai laushi ta fito da hanci da kumatu.

Ƙa'idar da kowa ya fi ji ita ce raba hoto uku. Ka ja layi biyu a tsaye, biyu a kwance, ka sami gida 9 da mahaɗa 4. Wani mai zane ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta ta tun 1797, kuma yau tana cikin saitin kyamarar kusan kowace waya da sunan girid. Kunna shi. Idanun mutum su zauna a kan layin sama. Layin da sama ta haɗu da ƙasa ya hau layin ƙasa idan gajimare ne abin kallo, ya hau na sama idan filin ne. Wanda ke kallon dama a ajiye shi a hagu, domin kallonsa ya sami wurin zuwa. Idan hancinsa ya kusa taɓa bakin hoton, mai kallo zai ji a takure ko da bai san dalili ba.

Amma ƙa'idar ba farilla ba ce. Ƙofa mai gefe biyu iri ɗaya, ko gini da inuwarsa a cikin ruwa, ko fuskar da ke kallon kyamara kai tsaye, duk tsakiya suke so, kuma tsakiyar ta zama daidai, don ɗan karkacewa a nan yana fitowa kamar kuskure. Akwai kuma masu yawan maganar ma'aunin zinariya, wata hanyar raba hoto da ake yi da lambar 1.618. Layukansa suna faɗawa wajen kashi 38 da 62 cikin ɗari, na raba uku kuwa 33 da 67. A ganina bambancin bai kai a ɓata lokaci a kansa ba.

Abin da ya cancanci lokacin shi ne gefunan hoto. Kafin ka danna, bi kusurwa huɗun nan da ido ɗaya bayan ɗaya. A nan ake samun rabin hannun wani, da reshen da ya leƙo, da turken da ya tsiro daga kan mutum. Taku ɗaya zuwa gefe yakan kawar da turken. Idan za ka yanke jiki, kada ka yanke a gaɓa, wato wuya, gwiwar hannu, wuyan hannu, gwiwa ko idon sawu, domin sai ya zama kamar an guntule. Yanke a tsakiyar cinya ko ƙasan ƙirji. Layin da sama ta haɗu da ƙasa idan ya karkace ko da digiri 2 ne ido yana kama shi, musamman a kan ruwa. Ana iya miƙe shi daga baya, sai dai miƙewar tana cin gefuna, don haka ka bar ɗan sarari tun wurin ɗauka.

Sai nisa. Babban idon kyamarar waya mai faɗi ne, daidai yake da milimita 24 zuwa 26 a ma'aunin idon kyamara, inda ƙaramar lamba ke nufin ido mai ɗaukar wuri da faɗi. Idan ka matso da shi kusa da fuska, hanci zai yi girma, kunnuwa su ja baya. Kusancin ne ya jawo haka, saboda hancin ya fi kunnen kusa da kai sosai. Ja baya mita ɗaya da rabi ko biyu, ka danna 2x ko 3x. Wannan ne dalilin da masu ɗaukar fuska suke son milimita 85. Haka idan ka karkata waya ta kalli sama don gini ya shiga, bangayen za su zama kamar suna faɗuwa baya. Riƙe ta a miƙe ka ja da baya. Yaro kuma a durƙusa masa, kyamara ta zo daidai idonsa.

Hoto shimfiɗaɗɗe ne, zurfinsa sai an gina. Tun wajen 1435 wani masanin zane da gine-gine mai suna Alberti ya bayyana wa masu zane a Italiya yadda layukan da ke tafiya nesa suke haɗuwa a ɗigo guda. Titi, shinge ko jerin ginshiƙai suna yin wannan aikin, su ja ido ciki, sai dai ka tabbatar sun kai shi kan abin da kake nufi, ba wajen hoton ba. Sanya wani abu kusa, wani a tsakiya, wani can nesa. Idan kana son bayan ya dushe, buɗe idon kyamara zuwa f/1.8 ko f/2.8 (ƙaramar lamba na nufin idon ya buɗe sosai), ka raba mutumin da bango mita biyu ko uku; idan kana son komai ya fito, koma f/8.

Bayan ka ɗauka, mayar da hoton baƙi da fari, ka ƙanƙance shi kamar girman babban yatsa, ka runtse ido kaɗan. Idan abin da ya rage a fili ba shi ne abin da ka ɗauka dominsa ba, sauya wurin tsayuwa ka sake ɗauka.