Kalma ɗaya a takardar gayyata ta rufe mana aji wata biyar

"Hajiya, wannan jinsin da kuka rubuta, wane jinsi ke nan?"

Limamin Juma'a ne ya jefo mini tambayar a zauren Hakimi, wata Laraba cikin watan Yulin 2024. Takardar gayyatarmu ce a hannunsa, har ta yi laushi saboda ninkewa da buɗewa, yatsansa yana kan layi na biyu. Ni na rubuta layin da hannuna: "Taron wayar da kai kan daidaiton jinsi da 'yancin ɗan Adam." Na dubi dattawan da ke zaune a kan shimfiɗa, mutanen da muka yi shekara biyu muna gaisawa da mutunci, ba wanda ya yarda muka haɗa ido. Nan take cikina ya ɗuri ruwa.

Shekarata tara ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar mata. Abin da muke yi a wannan gari ajin yamma ne na 'yan mata arba'in, waɗanda aka cire daga makaranta da waɗanda ba a taɓa sa su ba: karatu da rubutu, lissafi, kula da lafiyar jiki, da ɗinki. Kuɗin tabarmi da alli da alawus ɗin malamai biyu kuwa daga ofishin jakadancin wata ƙasar Turai suke zuwa, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka ce sun sa haƙƙin mata a sahun gaba na hulɗarsu da duniya.

Suwidin ce ta fara wannan tsari, wanda ta sa wa suna "feminist foreign policy", wato manufar hulɗa da ƙasashen waje mai fifita haƙƙin mata, a shekarar 2014, lokacin da Margot Wallström ta zama ministar harkokin waje. Ta ɗora shi a kan ƙafa uku kamar murhu: haƙƙin mata, wakilcinsu a inda ake yanke shawara, da kuɗin da za a ware musu. Kanada ta biyo baya a 2017 ta fuskar tallafin da take bayarwa, sai Faransa, sai Meziko a 2020, Sifaniya a 2021, Jamus kuma ta fitar da nata daftarin a 2023. Ni dai tsarin ya burge ni, har yau ma yana burge ni. Na san yadda takardun neman tallafi suke a da: a yi ta bayanin rijiya da asibiti, can ƙarshen shafi a liƙa mata a layi ɗaya. Da wannan tsari ya zo sai tambayoyin suka canza. Mata nawa ne a kwamitinku? Wa ke sa hannu a fitar da kuɗi? Kashi nawa ke isa hannun 'yan matan kansu? A dalilin waɗannan tambayoyi ne mace ta fara riƙe asusun ƙungiyarmu.

Ita kuma Wallström ba a baki kawai ta tsaya ba. A farkon 2015 ta soki bulalar da aka yi wa marubucin nan Raif Badawi a Saudiyya. A watan Maris aka hana ta jawabin da aka gayyace ta ta yi a taron Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a Alƙahira, Suwidin ta ƙi sabunta yarjejeniyar tsaro da ta ƙulla da Saudiyya tun 2005, Saudiyya kuma ta janye jakadanta. Manyan 'yan kasuwar Suwidin suka fito suna kuka da Wallström. Ban ce tsarin ba shi da tabo ba, domin ƙasar ta ci gaba da sayar wa ƙasashen yankin Gulf kayan yaƙi, abin da ya tsaya mini a rai. Amma wanda ya yarda ya yi asara saboda abin da ya faɗa, ina ganin girmansa.

To, wannan ganin girma ne ya rufe mini ido. An ce jami'ar ofishin jakadancin za ta zo ta ga ajin. Ina so ta iso ta tarar da kalmomin da ke cikin daftarin ƙasarta a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kyalle da takarda, a ɗauki hoto, hoton ya shiga rahoto, rahoton ya jawo mana ƙarin shekara biyu. Na ɗauko kalmar Turancin na juya ta yadda nake ji a rediyo, daidaiton jinsi, na kai maɗaba'a aka buga kwafi hamsin.

Inna ta gargaɗe ni. Tsohuwar ungozoma ce, ita ta bi gida-gida ta roƙo mana 'yan matan nan tun farko, rabin garin a hannunta aka haife su. Da na karanta mata takardar sai ta yi shiru, ta gyara mayafi, ta ce, "'Yar nan, kalmar nan ba ta kwanta mini ba. Ba ki da wata?" Na ce, "Haba Inna, ai haka ake faɗa a labarai." Ba ta ƙara ba. Wannan "haba Inna" ita ce maganar da ta fi kowace tsada da ta taɓa fita daga bakina a wurin aiki.

Kwana kaɗan da buga takardun, maganar Yarjejeniyar Samoa ta ɓarke. Yarjejeniya ce tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, wadda ta maye gurbin ta Kwatano ta shekarar 2000. An buɗe sa hannu a kanta a watan Nuwamban 2023, Najeriya kuma ta sa nata a ƙarshen Yunin 2024. A farkon Yuli wata jarida ta ruwaito cewa a cikinta akwai sharaɗin amincewa da auren jinsi. Gwamnati ta musanta, minista Atiku Bagudu ya yi bayani, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce ba ta ga wannan sharaɗi a ciki ba, aka tunatar da mutane cewa dokar 2014 da ta haramta auren jinsi tana nan daram. Amma magana zarar bunu ce. Ta shiga huɗuba, ta shiga majalisar masu shayi, ta shiga WhatsApp. A makonnin nan duk wanda ya ji "jinsi" kusa da "Turai", abu ɗaya ne ke faɗo masa.

Kuma ina sane. Na ji huɗubar da kunnena. Takardun suna cikin jakata ba a raba ba, sake bugawa ba zai ci kuɗin buhun masara ba. Na ce a raina ai mutanen garin sun san mu, na miƙa wa yaro ya raba.

A zauren na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, mace da namiji muke nufi, ba wani abu ba." Ya ce, "To me ya hana ku rubuta mace da namiji?" Ban da amsa. Wani dattijo daga gefe ya ɗora, "Daidaito kuma a me? A gado?" Shi ma ba daga sama ya ɗauko ba. Bai manta ƙudirin Sanata Biodun Olujimi na daidaita dama tsakanin maza da mata da Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Maris na 2016 ba, wanda daga baya Sarkin Musulmi ya fito ya ƙi amincewa da sashensa na rabon gado. Kalmomi biyu na rubuta, kowace da tsohon mikinta, ni kuwa na haɗa su a layi ɗaya na aika gidan liman.

Hakimi bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Hajiya, a dakata tukuna, sai ƙura ta lafa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ajin ma?" Ya ce, "Har ajin." Da yamma na je na tarar da 'yan mata shida sun riga sun shimfiɗa tabarma suna jiran malama. Ni na gaya musu su naɗe.

Daren nan na kira jami'ar ofishin jakadancin, muryata na rawa, na gaya mata kada ta zo, na kuma gaya mata dalili. Na ɗauka za ta ce sai an rubuta kalmar ko a dakatar da kuɗi. Sai ta tambaye ni, cikin mamaki na gaske, wa ya ce sai na rubuta ta. Ta ce abin da take aikawa gida shi ne yawan 'yan matan da suka iya karatu da yawan matan da ke kwamiti, ba abin da ke jikin kyalle ba, mu kira aikin da duk sunan da mutanenmu za su gane. Na ajiye waya na zauna a bakin gado na daɗe. Ashe ba wanda ya ɗora mini wannan kaya, ni na ɗora wa kaina don in faranta wa baƙuwar da ba ta nema ba.

Gyaran ya ci wata biyar, kuma Inna ce ta yi shi, ni bin ta kawai nake. Ba ta taɓa ce mini "ai na gaya miki" ba, da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi. Ta kai ni wurin uwargidan liman, muka yi ta zuwa har sau huɗu, muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa muna zayyana mata abin da ake koyarwa awa-awa. Na kawo littattafan 'yan matan ta duba. Ta ga inda wata ta rubuta sunanta karo na farko, harafin farko ya cinye rabin shafi. Ita ta shigar da mu wurin Malam.

Da muka zauna da shi, na bar maganar daftarin kowace ƙasa. Na ce muna so yarinya ta iya karanta takardar magani, ta iya lissafin cinikinta kada a cuce ta, ta san sadakinta nata ne, gadonta nata ne, kuma ba a aurar da ita ba da yardarta ba. Malam ya ce, "Wannan ai ba Bature ne ya kawo shi ba." Shi da kansa ya ɗauko zancen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yadda a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da na waje. Ya kawo Nana Asma'u da jajjinta, matan da take naɗa wa malfa ta tura ƙauyuka su koyar da 'yan taru. Na san duk wannan tun ina makaranta. Ban taɓa tunanin sa shi a takardar gayyata ba, saboda idona yana kan mai ba da kuɗi. Sabuwar takardar da muka rubuta tare cewa ta yi, "Taro kan haƙƙin 'ya mace na neman ilimi da sana'a." Malam ne ya buɗe taron da addu'a.

A watan Oktoban 2022, da sabuwar gwamnati ta hau a Suwidin, ministan harkokin waje Tobias Billström ya ce sun ajiye sunan tsarin, a cewarsa laƙabi yakan rufe ainihin abin da ke ciki. A lokacin na ji haushi ƙwarai, kuma har yanzu ina ganin an yi asara, domin gwamnatin ta kuma janye daga alƙawarin ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa don tallafi. Amma a zauren Hakimi na ɗanɗana gefen maganarsa da ke da gaskiya. Jamus ma ta ajiye sunan bayan canjin gwamnati a 2025, shekarar da Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID. Zaɓen da aka yi a ƙasar da 'yan matanmu ba su taɓa jin sunanta ba yana iya kashe musu aji. Shi ya sa yanzu alawus ɗin malama ɗaya daga adashin iyaye mata da ɗinkin 'yan ajin yake fita, ko da kuɗin waje sun tsaya ba za a naɗe tabarma duka ba.

Idan kina irin wannan aiki, 'yar'uwa, kada ki bari takarda ta fita sai tsohuwar da ta fi ki sanin garin ta ji ta da kunnenta, kuma idan ta yi shiru ki tsaya ki tambayi shirun. Ki kira mai ba da kuɗi ki tambaye shi ƙarara abin da ya zama dole da abin da ba dole ba, kada ki yi masa zato kamar yadda na yi. Idan kuma aka ce miki aikin baƙi kike yi, ki tuna Najeriya da kanta ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariya ga mata tun 1985, ta amince da ta Maputo kan haƙƙin matan Afirka a 2004, ta yi dokar hana cin zarafi a 2015. Alƙawuran gwamnatinmu ne, ko da majalisar da mata huɗu kacal ke cikin sanatocinta 109 tana jan ƙafa wurin cika su.

Mun sake buɗe ajin a watan Disamba. Na ɗauko tsohuwar rajista na fara kiran suna, talatin da ɗaya suka amsa. Cikin taran da ba su dawo ba, biyu sun bar garin da iyayensu, uku sun koma talla, huɗu an yi musu aure bayan kaka. Ɗaya daga cikin huɗun ita ce mai harafin da ya cinye rabin shafi. Na gan ta a gidan suna cikin watan jiya, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambaye ni ko littafinta yana nan. Na ce yana nan. Inna ta ce za ta yi magana da mijin bayan Sallah.